Gargaɗi ga masu tara lofe: an cuce ni naira dubu 85 a kan lofen jabu

Ina rubuta wannan daga Bauchi, raina a ɓace, domin wani mutum da yake tallar tsofaffin lofe a Facebook ya karɓi naira dubu 85 a hannuna ya aiko mini da bututun ƙarfe. Naira dubu 85, a wannan marra.

Kafin wani ya ce gaggawa na yi, ya kamata a sani cewa na daɗe ina tara irin lofen nan mai jikin alminiyom da kan itace, tun daga lofe ƙirar Falcon da na gada a wurin mahaifina. Abin da na jima ina nema shi ne lofe ƙirar Kirsten, wanda wani farfesan injiniyan jiragen sama, Frederick Kirsten, ya ƙirƙira a birnin Siyatil na Amurka a 1936. Dogon jikinsa na alminiyom yana sanyaya hayaƙi, laimar kuma tana taruwa a ciki har sai an buɗe murfin da ke ƙarshensa an zubar. Irinsa ne mutumin nan ya ce yana sayarwa. Na tambaye shi yadda kan yake haɗuwa da jikin, domin na Falcon murɗa shi ake yi a kan jikin, na Kirsten kuwa sukuru ne yake ratsa gindinsa ya riƙe shi. Ya amsa daidai ba tare da inda-inda ba. Wane ne zai zargi wanda ya san wannan?

Muryarsa ce take ta dawo mini. Ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, kayan wani Bature ne da ya yi aikin kuza a Jos, ni ban ma san darajarsa ba, ku ne masana.” Ya turo bidiyo, ga hannu yana kwance kan yana mayarwa, ga sunan kamfanin a jiki. Na tura dubu 60. Ko da yake kafin nan ma ya riga ya kawo maganar wasu kawuna biyu na canji, ya ce wani daga Gombe zai zo ya ɗauke su da la'asar, shi ya sa na ƙara dubu 25. Asusun da ya ba ni sunan mace ne, ya ce uwargidansa ce, kuma mutane da yawa suna yin haka a yau, don haka ban ga abin tuhuma ba.

Saƙon ya iso tashar mota a cikin kwalin sabulu, an naɗe shi da tsohuwar jarida. Tun daga nauyinsa gabana ya faɗi. Na ɗora wa lofen maganaɗisu ya manne, alhali alminiyom ba ya kama maganaɗisu. Fenti mai ruwan azurfa aka fesa masa, har yana fita a farce. Kan kuwa, maimakon saiwar itacen biraya mai tauri da ake haƙowa a ƙasashen bakin Bahar Rum, wani farin katako ne aka shafa wa man goge takalmi aka liƙa da gam. Ko ashana ban kusanta da shi ba. Kawuna biyun babu su. A lokacin wayarsa ta riga ta daina shiga, tun ranar da ya ba ni lambar direba ya toshe ni a WhatsApp. Daga baya wani abokina ya gano bidiyon nan a intanet, na wani mai sayarwa ne a ƙasar waje.

Hotunan hirarmu, rasit ɗin dubu 60 da na dubu 25, da saƙonnin muryarsa duk suna hannuna, zan saka su da zarar na rufe sunan matar, wadda mai yiwuwa ba ta san abin da ake yi da asusunta ba. Na kai ƙorafi banki.

Kada ku biya sai kaya ya shiga hannunku, ku kuma sa mai sayarwa ya nuna lofen kai tsaye a kiran bidiyo. Har yanzu hoton lofen yana shafinsa, ya ma ƙara masa kuɗi.