Kayan hokin ƙanƙara na yaro: na gwanjo ko sabon kwali?

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin tambaya ko kayan hokin ƙanƙara na gwanjo za ki saya wa yaronki ko sabon kwali. Tunda ɗan shekara shida ne kuma yanzu zai fara taka ƙanƙara a nan Kanada, na gwanjo za ki saya masa. Abu uku kawai za ki ware ki saya sababbi: hular kwano da ragarta ta fuska, kariyar wuya, da ɗan kamfai mai kofin kare gaba.

Sabon kwalin da kike gani a Canadian Tire ko Sport Chek, na Bauer ko CCM, ba shi da laifi, yana da tsafta, iyakar abin da zan ce ke nan. Yawanci kariyar kafaɗa ce a ciki, da ta gwiwar hannu, da ta ƙwauri, da wando da safar hannu, wani lokacin da jaka. Babu takalmi, babu hula, babu sanda, alhali su ne masu cin kuɗin. Kuma girma ɗaya ake cusa komai, sai ki tarar ƙwauri ya yi daidai amma wando yana zamewa.

Kayan yara ba sa tsufa, ƙanƙanta suke yi. Yaro mai wannan shekarun ƙafarsa na iya fin takalmi kafin kaka ta zagayo, shi ya sa na gwanjon ke fitowa kamar ba a taɓa su ba. Akwai wani takalmin Bauer da ke yawo tsakanin iyalanmu a unguwa, in kika ɗaga harshensa za ki ga sunayen yara uku da aka rubuta da maka, an soke biyu. Igiya kawai aka sake masa, har yau yana riƙe idon sawu tsam. Ban da haka, a rukunin 'yan ƙasa da shekara bakwai, wato U7, ba a yarda da bangazar jiki ba, kuma a faɗin fili suke wasa, ba a tsawonsa ba. Kariyar kafaɗa mai tsada ba ta da aikin yi a jikin yaron da faɗuwa ce babbar matsalarsa.

Takalmin ne wurin da za ki tsaya ki ɓata lokaci. Lambarsa ba ta tafiya da ta takalmin makaranta, yakan zama ƙasa da ita da lamba ɗaya, wani lokacin ɗaya da rabi. Ki je da yaron, sanye da siririyar safar da zai riƙa wasa da ita. Ki sassauta igiya, ya tura ƙafa gaba har yatsunsa su taɓa bakin takalmin, ki zura yatsanki a bayan dunduniyarsa. Yatsa ɗaya ya shiga, ya yi. In biyu suka shiga, ya yi yawa. Kada ki bi shawarar "a sayi babba ya girma a ciki". Dunduniya za ta riƙa ɗagawa, idon sawu ya karkata ciki, ƙafa ta yi bororo, yaro ya dawo yana kuka ya ce ba ya son wasan, alhali takalmin ne bai so.

Bayan girma, ki matse takalmin da hannu a saitin idon sawu. In ya lotsa kamar takalmin roba, ya mutu, ki bar shi. Ki juya shi ki dubi ƙarfen ƙasansa, wanda ke zamewa a kan ƙanƙara: tsatsa ta sama-sama wasawa na ɗauke ta, amma wadda ta ci rami ba ta gyaruwa, haka ma ƙarfen da aka wasa har ya kusa nutsewa cikin farar robar da ke riƙe da shi. Ki girgiza robar, ki zare shimfiɗar ciki ki ga ƙusoshin, kada a samu wanda ya kwance. Ko sabo ko na hannu, sai an kai an wasa kafin ranar farko, domin sabon ma ba a wase yake zuwa ba. Ki ce a yi masa wasin rabin inci, wato ma'aunin kwarmin da ake yi a bakin ƙarfen, shi ne na kowa da kowa.

Hula kuwa ba na son a yi ciniki da kan yaro. Hockey Canada, hukumar wasan hoki ta ƙasar, ba ta barin yaro ya shiga fili sai hularsa da ragar suna ɗauke da tambarin CSA, kariyar wuya kuma da tambarin BNQ, wato tamburan hukumomin tantance ingancin kaya. Hukumar lafiya ta Kanada tana gargaɗin kada a sayi hular da ta wuce shekara biyar ko wadda ta taɓa shan mummunan bugu, kuma ba ki da hanyar sanin bugun da hular wani ta sha. Soson ciki yana bushewa ya daina shanye duka, daga waje kuwa tana sheƙi. Ta zauna kamar faɗin yatsa ɗaya sama da gira, haɓarsa ta kwanta cikin kofin ragar, in ya girgiza kai kada ta yi rawa. 'Yan uwa na Amurka, ku tambarin HECC za ku duba, yana da ranar ƙarewa a jikinsa.

Kariyar ƙwauri da inci ake auna ta, daga tsakiyar ƙoƙon gwiwa zuwa bakin takalmi. Wando ya sauko ya rufe samanta kaɗan, kada a bar fata a fili. Safar hannu ki duba tafinta ko ya huje. Sanda kuma ta itace ko mafi araha ta ishe shi: a yanke ta ta kai hancinsa in yana tsaye da safa, ko haɓarsa in yana kan takalmin. Lambar lanƙwasar da ke jikinta, wadda ke nuna taurin sandar, ta yi kusa da nauyinsa a kilo, yaro mai kilo 20 ya sami mai 20 ko 25. Kada a yanke sandar babba a ba shi, yankewa na ƙara mata tauri. Rigar wasa sau da yawa ƙungiya ce ke bayarwa, ki tambaya tukuna.

Wurin saya: Play It Again Sports suna da na hannu, za ki gwada a jikin yaro, in ya fi su kuma ki mayar su rage miki a kan na gaba. Ƙungiyoyin unguwa da yawa kan yi ranar musayar kaya kafin a fara kaka a watan Satumba. Facebook Marketplace da Kijiji sun fi araha, amma a nan macuta suke. Duk wanda ya ce ki tura kafin alƙalami ya ajiye miki, ki rabu da shi. Wasu na ganin baƙuwa sai su miƙo takalmin rawar ƙanƙara mai haƙora a gaban ƙarfen, ko na mai tsaron gida, su ce duk ɗaya ne. Wasu su nannaɗe sandar da ta tsage da tef. Ki sa a ware tef ɗin a gabanki, kuma ku haɗu a filin wasa ko wani wuri mai jama'a.

Kafin ki yi masa rajista da ƙungiya, ki duba ko shirin First Shift zai zo garinku. Na yara 'yan shekara 6 zuwa 10 ne da ba a taɓa yi wa rajistar hoki ba, kuɗi ɗaya ake biya a ba su sababbin kayan Bauer daga kai har ƙafa, a auna musu, da darasi shida a kan ƙanƙara. In ya samu gurbi, ki ɗauka, ya fi duk abin da na lissafa, sai dai guraben na cika da wuri. In kuɗin rajista ne ya yi nauyi, ki cika takardar neman tallafi ta Jumpstart ko KidSport, don haka aka kafa su.

Na gwanjon da kika kawo gida, ki zuba su a injin wanki da ruwan sanyi, ki manne maɗaurai kada su ci yadi, ban da takalmi da hula. A shanya su iska ta busar, ba a sa su a injin busarwa, zafi na lalata soso da roba. Bayan kowane wasa a goge ƙarfen takalmin da tsumma, a sa masa rigar yadi, ta roba mai tauri ta takawa ce kawai, in aka ajiye shi a cikinta tsatsa zai yi.