Shagon tseren Daytona a Jidda: ka je da jama'arka

Shekara 19 ke nan ina gyaran mota a Sana'iyya, unguwar makanikai ta Jidda, kuma ban taɓa ɗaukar tseren Amurka na zagaye fili a bakin komai ba. Tun da aka kawo tseren Formula 1 Kornish, bakin tekun Jidda, a 2021, a hanya mai kwana 27, na tsaya a kan cewa wannan shi ne tuƙi, wancan kuwa karkata hagu ne kawai har a gaji. Ɗan yayata, haifaffen Makka, shi ya matsa mini in je wani shago da ake tseren mota a kwamfuta. Ya ce, "Kawu, zo ka zauna rabin awa, in ka fito kana kan bakanka ni zan biya." Daren Juma'a bayan isha'i muka tafi mu shida: mu uku daga gareji, shi da abokansa biyu.

Shagon yana arewacin gari, a saman wani mai shawarma. Kujeru takwas ne a jere, kowace da sitiyari, da totur da birki da kuloci, da allo uku da suka kewaye fuskar mutum. Manhajar da suke amfani da ita iRacing ce. Mai kula da wurin saurayi ne Bahaushen Sudan, ɗan Mai Wurno, kuma rabin abin da zan yaba a nan shi ne. Da ya ji sana'ata sai ya ce, "Baba Alhaji, kai tsofaffin motoci zan ba ka." Ya ɗora mu a filin Daytona da ke Fulorida, cikin motocin 1987.

Da dalili ya zaɓi wannan shekara. A 1987 Bill Elliott ya zagaya Daytona a Ford Thunderbird mai lamba 9 da gudun da ya haura mil 210 a awa, kusan kilomita 338, a gwajin neman gurbin tashi. Bayan 'yan watanni, a filin Talladega, tayar Bobby Allison ta fashe, motar ta tashi sama ta yage shingen da ke gaban 'yan kallo. Daga 1988 sai NASCAR, hukumar da ke shirya wannan tsere, ta tilasta saka wani farantin ƙarfe mai huda huɗu a ƙarƙashin kabureta, don ya rage iskar da injin ke zuƙa. Duk bakanike ya san abin da hakan ke nufi: ka shaƙe wa injin maƙogwaro, ƙarfinsa ya faɗi. Ke nan motocin da muka hau su ne na ƙarshe da suka yi numfashi yadda suke so a wannan fili.

Filin mil biyu da rabi ne, kilomita huɗu, kuma kwanoninsa a jingine suke da digiri 31. A allo sai ka ga kwalta ta miƙe gabanka kamar bango. Da na shiga kwanar farko sitiyarin ya yi nauyi a hannuna, yana karkarwa, bayan motar yana neman ya sulale. Sitiyarin nasu na kirki ne, mai injin lantarki a cikinsa, ba na roba mai sifirin ba. Abin da taya ke ji shi yake kawo maka tafin hannu.

Amma abin da ya sauya mini ra'ayi iska ce. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar Madina ya san yadda mota ke yin sauƙi, kamar ana jan ta, da yadda iska ke bugun ta da zarar ka fito za ka wuce. To a Daytona wannan shi ne tseren gaba ɗaya. Na gaba yana tsaga iska, na baya yana fakewa, su biyun a haɗe sun fi gudun kowannensu shi kaɗai. A zagaye na biyar na fita daga layi don in wuce abokin aikina, babu wanda ya biyo ni. Ƙafata na manne da totur har ƙasa, ina kallo motoci biyar suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Sai da ɗan yayata ya ja baya, ya sa hancin motarsa dab da bayana, sannan muka kamo su tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a wannan fili har lissafin injin ya yarda da haka. Kuma wanda ya taimake ka a zagaye na goma shi ne zai zille ya bar ka a na ƙarshe, ku duka kun san da hakan tun farko.

Da muka gama aka kawo shayi da na'a-na'a, saurayin ya kunna mana ƙarshen Daytona 500, babban tseren shekara-shekara na wannan fili, na 1979 a babban allo, karo na farko da aka nuna tseren kai-tsaye a talabijin daga farko har ƙarshe. Donnie Allison da Cale Yarborough suna kan gaba a zagayen ƙarshe, suka gogi juna, suka daki bango, suka ƙare a cikin ciyawa suna ba hamata iska, Richard Petty ya zo daga can baya ya ci. Petty sau bakwai ya ci wannan tsere. Mahaifinsa, Lee Petty, shi ya ci na farko a 1959, sai da aka kwana uku ana duba hotuna kafin a tabbatar masa. Ya kuma nuna mana kwana ta huɗu, inda Dale Earnhardt ya rasu a zagayen ƙarshe na 2001, shekara uku bayan ya ci tseren a ƙoƙarinsa na 20. Mun yi shiru. Minti kaɗan kafin nan biyu daga cikinmu sun daki bango a daidai wannan kwana, suka danna maɓalli suka ci gaba.

Wurin yana da gyara. Mun kama lokaci ta WhatsApp, amma sai da muka jira minti 40. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta iya da kwamfuta takwas da mutum goma, rigata ta jiƙe. Birkin kujerar bakin ƙofa yana lilo, na nuna musu, ƙusa biyu ce kawai ta kwance. Muryar da ke gaya maka ta kunne cewa akwai mota a gefenka da Turanci take magana, dole saurayin ya tsaya a kanmu yana fassarawa. Kuɗin kuma riyal 70 ne rabin awa, zagaye 20 muka samu, alhali tseren gaske zagaye 200 ne, mil 500. Da za su yi rangwame ga masu zuwa a ƙungiya da ya fi, domin su ne kasuwarsu.

Na tabbatar da haka ne da na koma ni kaɗai ranar Talata. Kujera ɗaya, sitiyari ɗaya, amma motocin da kwamfuta ke tuƙawa ba ka iya ɗaga musu murya ka ce a biyo ka. Minti 15 na yi na tashi. In za ku je, ku tara mutum biyar ko shida, ku nemi Daytona ko Talladega, ku ce a ba ku motocin 1987.

Tseren gaske ranar Lahadi ake yin sa a watan Fabrairu, yana kamawa wajen goman dare agogon nan, kuma sun ce za su nuna shi. Mun riga mun ba da sunayenmu. Zan tafi da sifana lamba 10 saboda wancan birki.