Ƙona bakin igiya ko naɗe shi da zare: wanne ya fi riƙewa?

Malam, game da igiyarka mai kaurin milimita 12 da bakinta ke ta warwarewa, kana tambaya ko ka ƙona ko ka ɗaure da zare: naɗe ta da zare. In ta roba ce, bayan ka gama naɗin sai ka ɗan nuna wa bakin wuta. In ta rama ce ko auduga ko sisal (zaren da ake cirowa daga ganyen wani tsiro), wuta ba ta da aiki a wurin ko kaɗan.

Ka fara tabbatar da irin igiyar da ke hannunka, don a nan ne da yawa ke ɓata lokaci. Yanko ɗan guntu kamar tsawon gaɓar yatsa, ka riƙe shi da filaya, ka kara masa wuta. Idan ya narke ya dunƙule, roba ce. Idan ya kama da wuta ya bar toka, yana warin takardar da aka ƙona, daga tsiro aka yi ta. Su ma na roban ba ɗaya suke ba. Jefa guntun a cikin ruwa, ka danna shi ya jiƙe sosai. Wadda ta taso sama galibi folifurofilin ce, wato igiyar nan marar nauyi mai ɗan kaushi a hannu, wadda ake rubuta wa PP a jikin leda. Nailan da foliyesta nutsewa suke yi. Folifurofilin tana narkewa a wajen digiri 165 na ma'aunin salsiyos, nailan tsakanin 220 da 260 gwargwadon irinsa, foliyesta kuma wajen 260. Shi ya sa wutar da za ta gyara bakin foliyesta da kyau, in ka kai ta kan folifurofilin sai ka ga tana ɗiga tana ci da wuta.

Abin da ƙonawa take da shi sauri ne, shi ke nan. A siririyar igiya da ba ta wuce milimita 4 ba, irin ta tanti ko ta bakin jaka, ta wadatar, ba sai ka wahalar da kanka ba. Amma a kauri irin naka wutar laita waje kawai take narkarwa, cikin yana nan yadda yake. Abin da ya narke ɗin kuma in ya huce tauri yake yi, ba ya lanƙwasa. Da zarar an take shi, ko ya bugi ƙarfen mota, ko an ja shi a kan siminti, sai ya tsage, silin igiyar su fara fita ta tsagin. Ga kaifi: bakin da ya narke ya baje yana yankar tafin hannu idan igiya ta zame da ƙarfi, kuma sau da yawa ya fi igiyar kanta faɗi, sai ya ƙi shiga ramin tamfol.

In dai sai ka ƙona, to ka yi shi yadda ya kamata. Naɗa salatif zagaye biyu ko uku a wurin da za ka yanke, ka yanka ta tsakiyar salatif ɗin, don ɓangarorin biyu su zauna a ɗaure. Abin da ya fi laita kyau shi ne tsohuwar wuƙa da ba ka damu da ita ba: gasa ta a wuta ta yi zafi sosai, ka ɗora igiyar a kan katako, ka yanka a hankali kana dannawa. Tana yanka tana narkar da ciki da waje lokaci guda. Daga nan ka shafa gefen wuƙar a kewayen bakin ya ɗan tsuke. Kada ka sa yatsa, ko da ka jiƙa shi. Narkakkiyar roba manne wa fata take yi ta ci gaba da ƙuna, ba a karkaɗe ta. Jiƙaƙƙen katako ko bakin filaya sun ishe ka. Ka yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, hayaƙin ba na shaƙa ba ne.

Shi kuwa naɗi, ai shi ne aikin. Ma'aikatan jirgin ruwa sun dogara da shi tun zamanin da ba a san igiyar roba ba, kuma har yau ba su bar shi ba, alhali igiyoyinsu kullum suna cikin ruwan gishiri da rana da ja. Yana matse silin gaba ɗaya daga waje kamar ɗamara, bai ƙara wa igiya kaurin a zo a gani ba, yana lanƙwasawa tare da ita, ba ya yankar hannu, kuma bai damu da ko ta roba ce ko ta tsiro ba. Naɗin da aka yi da kyau yakan kai har igiyar ta tsufa yana nan.

Zaren da za ka nema shi ne mai kakin zuma a jiki, na foliyesta ko nailan, kaurin kamar milimita 1, irin wanda masu ɗinkin takalma da jaka ke aiki da shi. In wanda ka samu ba shi da kaki, goga shi a jikin kyandir sau uku ko huɗu. Kakin ne ke sa kowane zagaye ya zauna inda ka ajiye shi, ba ya sakin jiki kafin ka kawo na gaba. Zaren ɗinkin tufa bai isa ba, zai tsinke a hannunka tun kafin ka matse.

Tsawon naɗin ya zama daidai da kaurin igiyar, ko kaurin da rabi. A taka ke nan milimita 12 zuwa 18, zagaye goma sha biyar ko kusa da haka. Mutane suna zaton in sun yi shi dogo ya fi ƙarfi. Ba haka ba ne: dogon naɗi in igiya ta lanƙwasa buɗewa yake yi a tsakiya, zagayen su rabu. In kana son ƙarin tsaro, yi gajeru guda biyu, ka bar tazarar santimita 3 zuwa 5 a tsakaninsu.

Ga yadda ake yi. Idan bakin ya riga ya tsefe, kada ka tsaya tattara shi, koma baya inda tufkar take da ƙarfinta, ka sa salatif ka yanke. Yanko zare mita ɗaya. Ninka ƙarshensa ɗaya, kamar santimita 10, ka kwantar da ninkin a jikin igiyar yadda kan madaukin, wato lanƙwasar ninkin, zai ɗan wuce bakin igiyar, gajeren wutsiyar kuma tana kallon baya. Danne da babban yatsa. Da dogon ɓangaren za ka fara naɗi, daga ciki kana tafiya wajen bakin, kana bi ta kan ninkin. Kowane zagaye ya manne da na bayansa, ba hawa kan juna, ba rata, kuma ka ja shi da ƙarfi sosai. In zaren yana cin yatsunka, naɗa shi a jikin ɗan ƙaramin itace ka riƙa ja da shi. Idan ya rage kamar milimita 5 ka kai baki, tsaya. Zura ragowar zaren ta cikin madaukin, sannan ka kama gajeren wutsiyar nan ta baya da filaya ka ja a hankali. Za ka ga madaukin yana tsukewa, ya kama zaren, ya shige da shi ƙarƙashin naɗin. A tsakiya za ka tsaya. Kana iya jin ɗan tudunsa da yatsa yana tafiya a ƙarƙashin zagayen. In ka zarce da ja ya fito ta ɗaya gefen, komai ya kwance, sai sabon aiki. Yanke wutsiyoyin biyu dab da naɗin.

Gwajinsa ba wuya: tura shi da farce. In zagayen suka motsa, bai matsu ba, kwance ka sake.

Wannan naɗin yana da raunin da ya kamata ka sani. A igiya mai santsi, musamman sabon nailan, yana iya zamewa ya fita ta baki gaba ɗayansa, kuma in zagaye ɗaya ya tsinke sauran bin sa suke yi. Maganinsa basilla. Kafin ka fara naɗi, soka zaren ta cikin igiyar sau biyu ya kafu. Bayan ka gama zagayen, ka soka basillar ta ƙarƙashin sili ɗaya, ka fito ta kwarin da ke tsakanin sili biyu, ka bi wannan kwarin ka haye kan naɗin zuwa ɗaya ƙarshensa, ka sake sokawa ka fito ta kwari na gaba. Igiya mai tufka uku kwari uku gare ta, ka bi kowanne, in da hali sau biyu. Waɗannan zaren da suka gitta su ne ke ɗaure zagayen da jikin igiyar, ko an ja ta a ƙasa ba inda za su. Idan igiyar saƙaƙƙiya ce mai riga da ciki, basillar ta ma fi zama dole, don ita ce za ta haɗa rigar da cikin. In ba haka ba rigar za ta riƙa ja da baya tana barin cikin a waje.

Bayan wannan ne wuta ke da amfani a igiyar roba. Ɗan milimita 5 ɗin da ka bari a gaba, ka kusanto da shi gefen harshen wuta har gashin ya narke ya haɗe. Kada wutar ta taɓa zaren naɗin, shi ma roba ne.

Sauran dabarun da za ka ji ana faɗa, ga matsayinsu a taƙaice. Ƙulli a baki yana hana warwara ta wuce shi, amma abin da ke gabansa zai tsefe, kuma ba zai shiga zobe ko rami ba. Salatif na kwana biyu ne, rana na dukansa gam ɗin ya saki ya bar danƙo. Bututun roba da masu gyaran wayar lantarki ke sawa, wanda ke tsukewa in ya ji zafi, yana kyau a igiyar takalmi da ƙananan igiyoyi, amma ka nemi mai gam a ciki, marar gam zamewa yake yi. Gam mai kamawa nan take kuwa ka yi hattara da shi a kan auduga: haɗuwarsu tana haifar da zafi mai ƙarfi har da hayaƙi, yana iya ƙona fata. Akwai kuma mayar da silin baya a saƙa su cikin jikin igiyar, a soka kowanne sau uku a ta tsiro, sau biyar a ta roba saboda santsi. Wannan ba ya kwancewa, kuma ba ya buƙatar zare, sai dai yana kusan ninka kaurin bakin. Ya dace da igiyar da ake riƙewa a hannu, bai dace da wadda za a zura a rami ba.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, don wani lokaci laifin ba na bakin ba ne, igiyar ce tun asali ba ta da kirki. Akwai masu sayarwa da duk igiyar roba nailan suke kiranta, su ba ka folifurofilin a matsayin nailan. Ita kuwa ba ta kai shi ƙarfi ba, kuma rana na cinye ta da wuri: za ka ga launinta ya koɗe, in ka murza tana zubar da gari. Gwajin ruwan nan zai tona asiri. Wata kuma saƙaƙƙiya ce, rigar tana sheƙi, amma cikin tarkacen zare ne ko wani abu mai kama da matsattsiyar takarda da aka cusa don ta yi kauri. Irin wannan ko ka naɗe ba abin da naɗin zai kama. Kada ka yarda da bakin da aka riga aka ƙone, shi ke ɓoye cikin. Ka ce a yanka maka sabon baki a gabanka, ka buɗe da yatsa ka duba: silin ciki su kasance dogaye, a murɗe ko a saƙe, ba masu fita guntu-guntu in ka ja ba. Mai tufka uku kuma ka murɗa ta baya. In ta buɗe ba wuya har kana hango haske ta tsakani, tufkar ta yi sako-sako, za ta dame ka da warwara. Tsawon ma ka sa a auna a gabanka ba tare da an ja ta ba, don nailan yana miƙewa, mita goma da aka auna a miƙe in ta saki jiki ba za ta cika ba.

Abu ɗaya da naɗi ba ya yi shi ne mayar wa igiya ƙarfinta. Idan tsefewar a tsakiya take, ko sili ɗaya ya cinye, kada ka rufe wurin da zare ka ci gaba da ɗaure kaya masu nauyi. Yanke wurin, ka samu igiya biyu gajeru, ka naɗe bakuna huɗun.