Gizago da kurfin da maƙeri ya ƙera mini: wata bakwai ina fafar darbejiya da su

Iskar farkon damina ce ta kayar da darbejiyar da ke ƙofar gidanmu a nan Katsina. Mahaifina ne ya dasa ta da hannunsa, shi ya sa da masu itacen girki suka zo taya, na ce su ɗauki ƙananan rassa su bar mini gindin da manyan rassa biyu. Tun da na yi ritaya daga koyarwa nake ɗan taɓa aikin katako, kuma na daɗe ina son in fitar da akwati daga jikin gungume kai tsaye: a yanka shi da zarto, a tsaga gida biyu, a fafe ciki, rabi ya zama gindi rabi ya zama murfi.

Da farko kurfi uku na saya a kasuwa, irin na waje masu ƙotar roba. Don gyaran bakin ƙofa ba su da laifi, amma ba a yi su don fafar gungume ba. Kwana biyu ƙotar babban ta fashe. Wani masassaƙi mai yin turmi da akushi ne ya ce mini in daina wahalar da kaina, ya kwatanta mini maƙerin da ke yi masa kayan aiki a cikin birni.

Rumfa ce ƙarama, da zugazugi da uwar maƙera da tulin gawayi. Na gaya wa dattijon abin da nake nufin yi. Ya saurara har na kai aya, sannan ya ce, "Malam, miƙo hannunka in gani." Ya auna tafin hannuna da kara, ya tambayi faɗin gungumen, ya kuma tambaya ɗanye ne ko busasshe. Na ce, "Baba, ɗanye ne sharaf." Ya ce to in yi sauri, don darbejiya idan ta bushe sai ta gajiyar da ƙarfe da mai ƙarfen. Muka daidaita a kan gizago ɗaya mai lanƙwasasshen baki da kurfi biyu, mai faɗi da mai baki kamar cokali, duka naira 16,000. Ya ce kwana biyar, sai da aka yi tara. Wannan shi ne ƙorafina na farko, don kowace rana gungumena yana ƙara shan iska.

Daga tsohon sifirin na mota ya ƙera su, kuma gizagon nan ban taɓa riƙe kayan aikin da ya zauna mini a hannu kamarsa ba. Nauyin yana can wajen baki, ba sai ka yi ƙarfi ba, ka ɗaga ka saki kawai. Kowane sara sai ɓallin itace ya tashi a naɗe kamar ɓawon albasa, ja-ja, da ɗan warin nan mai ɗaci na darbejiya. Ba mamaki jan, don ita da maɗaci dangi ɗaya ne, ko da yake asalinta daga Indiya aka kawo ta. Rabin gungume mai tsawon kamu ɗaya, wanda na kwana biyu ina fama da shi da kurfin kasuwa, tsakanin la'asar da magariba na fafe shi. Lanƙwasar bakin ita ce sirrin: tana bin cikin ramin ba tare da kusurwa ta kafe a bango ba. Na wasa shi sau huɗu kacal a dutse cikin wata bakwai.

Kurfi mai bakin cokali ma ya yi, da shi nake share sawun gizago a ƙasan akwati. Mai faɗin ne ya ba ni matsala. A mako na biyu ya gamu da wani kulli a itacen, sai bakin ya ɓalle kamar ƙwayar gero biyu. Na mayar. Dattijon bai yi musu ba, ya goga magagari a bakin, magagarin ya zame bai kama ba, ya ce ƙarfen ya sha ruwa ya yi tauri fiye da kima. A gabana ya daidaita bakin, ya goge shi fes, ya ɗora can bayan ƙarfen a kan garwashi yana kallo har launi ya taho a hankali zuwa baki, ya yi ruwan zuma, sannan ya tsoma a ruwa. Bai karɓi ko kwabo ba. Tun ranar bai sake ɓallewa ba. Na ji daɗin wannan gyara ƙwarai, don wanda ya sayar mini da na roba ba shi da abin da zai iya yi mini ko da ya so.

Abin da ban yaba ba har yanzu shi ne ƙota. Da ɗanyen itace aka yi ta, hunturu na shigowa ta motse, kan gizagon ya fara girgiza. Wannan hatsari ne, ba ƙaramin abu ba. Na cire na sa busasshen marke. Duk mai zuwa ya tafi da busasshiyar ƙotarsa. Kuma ƙarfen yana tsatsa da wuri, sai ana shafa masa mai bayan aiki.

Akwatina na farko ya tsage, amma wannan laifina ne ba na kayan aiki ba. Na bar cibiyar itacen a jikin murfi, na kuma ajiye shi a fili. Itace yana motsewa ta kewaye fiye da yadda yake motsewa daga tsakiya zuwa ɓawo, don haka tsagewa daga cibiya take farawa. A na biyu na tsaga gungumen daidai kan cibiya na sassaƙe ta, na bar bango kauri ɗaya ko'ina, kamar yatsa biyu, na shafe bakunan biyu da kakin zuma, na cusa shi cikin buhu tare da ɓallinsa har wata biyu a ɗaki. Ya fito lafiya. Ɓawon kam bai zauna ba, itacen da ya faɗi da damina ɓawonsa saɓulewa yake yi, sai na bar sawun gizago a bayan akwatin ban goge da samfefa ba. Murfin na haɗa shi da jan fata da ƙananan ƙusoshi.

A cikinsa yanzu carbin mahaifina yake da tabaransa. Na uku uwargida ta riga ta ce na zare da allura ne. Makon jiya masassaƙin nan ya kawo mini guntun ƙirya, ita kuwa tauri gare ta ba kamar darbejiya ba, don haka ranar Asabar zan koma rumfar in sa a ƙera mini ƙaramin gizago mai kaurin baki, da ƙotata a hannu.