Wankin gaɓar muƙamuƙi: allura biyu, allura ɗaya, ko kyamara?

Idan baki ya ƙi buɗuwa, ko gaɓar da ke gaban kunne tana ciwo wajen tauna, kuma ƙwayoyi da robar haƙora ta dare sun kasa, likita zai kawo maganar wanke gaɓar. Hanya uku ake bi.

Ni dai ta allura biyu nake ba kowa shawara. Likita Dorrit Nitzan da abokan aikinta ne suka bayyana ta a 1991. Ana kashe wurin, a soka allura kusan milimita 10 gaban kunne zuwa saman gaɓar, ta biyu kuma ɗan gaba da ita. Ruwan Ringer (irin wanda ake ƙara wa marar lafiya ta jijiya) ko ruwan gishirin asibiti ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗayar, ya kwashe sinadaran kumburi, ƙarfin turinsa kuma ya saki faifan guringuntsin cikin gaɓar in ya manne. Idonka biyu, kana jin ruwan na ɗiga cikin kwano kusa da kunnenka, likita na motsa maka haɓa. Akan tura mililita 100 ko fiye, kuma ranar za ka koma gida.

Ta allura ɗaya ta rage huda, amma ruwan ƙofa guda yake shiga ya fita. A ganina wankin bai kai ba. Ta kyamara, wadda likita Ohnishi ya fara a Japan a 1975, tana nuna cikin gaɓar, sai dai yawanci sai an sa mutum barci, ga tsada.

Inda ake cutar mutane shi ne a sunan aikin. An taɓa yi mini allurar siteroyid (maganin rage kumburi) kawai aka ce an wanke. Na ɗan ji sauƙi, baki ya sake kullewa. Don haka tambayi likita ƙiri-ƙiri: ruwa nawa za a tura, ta ina zai fito? Wanda bai auna buɗuwar bakinka ba kafin ya taɓa ka (na mai lafiya kan kai milimita 40), da me zai nuna maka an samu ci gaba? Ka kula da masu lafta maka ƙarin allurai masu tsada tun ba a yi wankin ba. In kuma ciwon daga tsokar tauna yake, wanki ba zai yi komai ba, kuma wasu ba za su faɗa maka ba. Reshen jijiyar fuska mai ɗaga gira ta wurin yake bi, saboda haka kada ka miƙa kunnenka sai ga likitan tiyatar baki da fuska.