Wane khal za ki saya don tawul mai wari?

Damina na kankama a nan Gusau tawul ɗin gidanmu ke fara warin bashi, ki wanke da omo ki shanya, ana goge jiki sau ɗaya warin ya dawo. Ragowar sabulu ce da zartsin ruwan bohol ke maƙalewa cikin zaren, shi ya sa tawul ke tauri kamar buhu ya daina shan ruwa, kuma abu mai tsami ne ke narkar da su.

To in kin shiga shago khal iri 2 za ki gani. Akwai farin khal, wanda wasu ke ce wa binega, garau kamar ruwa, ki juya kwalbar ki duba za ki ga an rubuta 5%, ƙarfin tsaminsa ke nan. Sai khal tuffa na shagon masu maganin musulunci, shi ma tsaminsa kusan haka ne amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga launi ja-ja da zai iya dafe farin tawul. Wallahi asara ce, ki bar shi a kicin. Farin nan mai arha shi ne na wanki.

Ruwan ƙamshin nan na laushin kaya fa? Ni na daina sa wa tawul. Ƙamshi kam ba magana, sai dai wani maiƙo yake shafa wa zaren, kina goge jiki ruwa na zamewa, warin kuma yana nan ƙasa an lulluɓe shi ne kawai. Lemon tsami yana yi in babu khal, amma guda nawa za ki matse wa bokiti, ga tacewa.

Rabin kofin shayi na farin khal nake zubawa a bokitin ɗauraya, bayan na fidda kumfa tas, in bar tawul ɗin minti 30 in matse in kai rana, yana bushewa tsamin ke tafiya. Sau 1 a wata ya isa, masu injin wanki ma kar ku maida shi kullum don yana cin robar injin a hankali. Bekin soda kuma ki ware masa wankinsa daban, in ya haɗu da khal kumfa kawai za su yi kowa ya kashe ƙarfin ɗan'uwansa.

Don Allah 'yar'uwa ko da wasa kar ki haɗa khal da Hypo ko Jik a bokiti ɗaya, iska mai guba suke fitarwa mai shaƙe ƙirji, balle a banɗaki mai ƙaramar taga ga yara na shiga da fita.