Gidan kallon ƙwallo na Yelwa, Garwa: ya ci kuɗinsa amma da sauran gyara

Masu tambayata a ina ake kallon Champions League a Garwa hankali kwance, to ga amsa, gidan kallon nan na cikin Yelwa wanda aka yi wa rufin kwano bara, shi nake zuwa yanzu kuma shi nake tura mutane.

Abin da ya fara jana shi ne hoto. Mai gidan abonma, wato kuɗin tasha, na gaskiya yake biya, dekoda biyu gare shi, ɗaya na Canal+ mai sharhi da Faransanci ɗaya kuma na SuperSport saboda 'yan uwanmu da suka saba da Turancin Ingila, ba irin wuraren da ake jona waya da talabijin ba ana jan wasa ta intanet hoto na tsayawa, sai ka ji maƙwabta sun yi ihun ci kai kuma a wajenka ɗan wasa bai ma buga kwana ba. Duk wanda wannan abu ya taɓa samu ya san zafinsa. Allo uku ne, biyu manya ɗaya ƙarami, ranar Asabar idan wasannin Firimiya suka haɗu lokaci ɗaya kowa ya juya bencinsa inda kulob ɗinsa yake. Kuɗin shiga dala ashirin ne wato sefa 100, ranar babban wasa kamar Real Madrid da Barcelona sefa 200, kuma ban ga laifinsa ba tunda man gurup, wato janareta, ba kyauta ake ba shi ba.

Gurup ɗin ma shi ne rabin darajar gidan. Mu nan mun san yadda wuta take yi da rani idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya, to yaron da ke kula da injin yana zaune kusa da shi ne, ana ɗaukewa zai tayar, kafin dekoda ta dawo bai fi ka sha ruwa ba. Sannan akwai tabarmi da butoci a gefe, wasan ƙarfe huɗu yakan ci karo da la'asar, na Champions na farko kuma da magariba, mutane su fita su yi jam'i su dawo ba a sake karɓar musu kuɗi. Wallahi wannan ya ƙara masa girma a idona.

Ranar da Manchester United ke wasa ka zo da wuri. Tun da Onana ɗan ƙasarmu Kamaru ya koma can a 2023 gidan ke cika har ƙofa, aka zo aka sayi Mbeumo a 2025 abin ya ƙaru, yara ƙanana da da ba su san komai ba sai Eto'o yanzu suna maka lissafin teburi, har Napoli ta samu magoya baya albarkacin Anguissa. Ni tun CAN, wato gasar kofin Afirka, da aka buga a filin Roumdé Adjia na nan Garwa a Janairun 2022 na lura garin ya canza, ranar da Najeriya ta ci Masar 1-0 Iheanacho ya zura, mutanen da ba su taɓa shiga fili ba suka shiga, kuma daga nan ba su bar kallo ba.

Yanzu inda nake da magana. Zafi. A watan Maris da Afrilu kwanon nan kamar tanda yake, fanka huɗu ba za su ishi mutum ɗari ba, kuma bencin baya katako ne tsirara babu majingina. Sai yaran caca da ke zama a layin gaba da takardunsu, ba kulob suke goya wa baya ba kuɗinsu suke bi, idan tikiti ya ƙone sai ashar, dattawa na zaune. Na ce wa mai gidan, Alhaji a tsawatar musu don Allah, ya ce in sha Allahu, ya dai rage amma bai daina ba.

Abin da ya fi damuna kuwa, allo uku amma ko ɗaya ba a ba Coton Sport, ko ranar da CRTV, talabijin ɗin gwamnati, ke nuna wasan sai ka roƙa. Haba jama'a, kulob ɗin garinmu ne fa, wanda ya kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2008 ya kara da Al Ahly, wanda Vincent Aboubakar ya fito daga cikinsa kafin ya tafi Valenciennes a 2010, mutumin da ya ci mana kofin 2017 a ragar Masar ya kuma ci Brazil a Katar. Yaro zai zauna a Yelwa ya haddace 'yan benci na Chelsea amma bai san mai tsaron gidan Coton ba, kuma gidajen kallo suna da hannu a wannan. Alhaji ya ce ba ya kawo mutane, ni kuma na ce a gwada ƙaramin allon nan kyauta ranar wasan Coton a gani, mai shayi da mai tsire na ƙofa ma za su samu ciniki.

Idan za ka je, tafi da canji da ruwanka, ka nemi bencin gefen taga ta hagu, nan ne iska ke shigowa. Babur kuma ka ba yaron ƙofa sefa 50 ya duba maka.